Kama da Wane Ba ta Wane: Yadda Muka Nemi Rilen Wata Tsohuwar Mota

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in bayyana muku wani abu da na koya a dogon hutun da ya wuce, sa'ad da aka tura ni Kaduna wurin kawuna mai sana'ar gyaran wayar mota. Abin kuwa shi ne rile, da yadda ake neman madadinsa in na tsohuwar mota ya mutu.

Ran nan da hantsi muna zaune a gareji sai aka jawo wata gajeriyar mota ja mai ƙofa biyu, irin wadda ake kira motar tsere. Mai ita wani dattijo ne da ya yi ritaya, ya sayo ta tun yana aiki a Turai. Ya ce da Kawu wata biyu ke nan ta ƙi tashi. An canja fulogi, an canja batir, har wani ya ce sai an sauke injin. Ya ce in abin ya gagara a nan ma, to, zai sallama wa 'yan gwangwan ita, don sun riga sun taya.

Sunan motar Porsche 944, ƙirar Jamus. An fara ƙera irinta a 1982, aka daina a 1991, wannan kuwa ta 1986 ce. Injinta silinda huɗu gare shi, kuma ba ta da kafireta irin ta tsofaffin motocin da muka sani. Famfon lantarki ne ke turo fetur da ƙarfi daga tanki, sa'an nan wata 'yar kwamfuta ta kamfanin Bosch, wadda ake kira Motronic, ta auna wa kowace silinda abin da za a fesa mata.

Kawu ya sa na murɗa makulli, shi kuwa ya tsuguna a bayan motar ya kasa kunne. Injin ya yi ta juyawa amma bai kama ba, famfon mai kuma ko motsi. Ya duba fis, ya ga lafiya lau. Sai ya buɗe akwatin fis da ke ƙarƙashin bonet, ya zaro wani ɗan abu wanda bai fi kwalin ashana biyu ba, ya ce, "Ɗana, ka ga wanda nake zargi."

To, mene ne rile? Makunni ne wanda wuta ke kunnawa maimakon hannu. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya. In 'yar wuta kaɗan ta bi ta naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo wani ɗan ƙarfe, ƙarfen ya haɗa hanyar babbar wuta daga batir. An lambata ƙafafunsa bisa ƙa'idar Jamusawa: 30 ita ce ta batir, 85 da 86 na naɗin waya, 87 kuwa ita ke kai wuta ga abin da ake so a kunna.

Na wannan motar ya bambanta da saura, domin rile biyu ne cikin gida ɗaya, ƙafafunsa shida. Na farko yana kamawa da zarar an murɗa makulli, ya ba kwamfuta da bakunan feshin mai wuta. Na biyu ba ya kamawa sai kwamfuta ta ji injin yana juyawa, sa'an nan ta ba shi izinin kunna famfo. Hikimar haka ita ce, in aka yi haɗari injin ya mutu, famfo ma ya tsaya nan take, kada ya yi ta kwararar da fetur har gobara ta tashi.

Don ya tabbatar da zarginsa, Kawu ya ɗauko waya mai baki uku, ya haɗa ramukan 30 da 87 da 87b. Nan da nan muka ji famfo yana kuka, ina murɗa makulli mota ta tashi. Dattijo ya yi murna ƙwarai, ya ce a bar masa wayar haka nan ya tafi. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan bar ka ka hau titi da ita ba. Muddin wayar nan tana ciki famfo ba zai tsaya ba, ko an zare makulli. In an yi sa'a batir ne zai mutu, in ba a yi ba kuwa wuta ce."

Da muka fasa murfin rilen, Kawu ya miƙo mini tabarau mai ƙara girma, na ga dalmar da ta riƙe ƙafafun ta tsage, siririn tsagu kamar gashi. Ya ce tsufa ne kawai, gama duk dalmar da ta sha zafi da jijjiga na kusan shekara arba'in dole ta gaji. Shi ya sa irin wannan ciwo ke farawa da wasa, yau mota ta tashi, gobe ta ƙi.

Daga nan sai neman madadi, wanda shi ne babban aikin. Kawu ya kwafe mini lambar da ke jikin murfin, 944 615 227 00, ya ba ni tsohon rilen in riƙe, na shiga kasuwar kayan gyaran mota. Na yini ina zagayawa. A wani shago aka miƙo mini wani mai kama da shi, mai shagon yana cewa rile duk rile ne. Har na ciro kuɗi, sai na juya shi na ƙirga ƙafafu, na ga biyar ne, babu mai lamba 85b. Da na koma na gaya wa Kawu, ya ce na kyauta da na bar shi, kama da wane ba ta wane. Ko da ya shiga ramin, ba zai yi aikin biyun nan ba, kuma in wuta ta bi inda bai kamata ba tana iya ƙona kwamfutar, wadda ta fi rilen tsada nesa ba kusa ba.

Kawu ya nuna mini hanyoyi uku da ake bi. Ta farko, a ciro na wata mota irinta da ta mutu. Aibinsa shi ne sa'an wanda ya lalace ne, ciwonsu ɗaya. Ta biyu, a narkar da tsohuwar dalma a sa sabuwa. Wannan yakan yi, amma ba ya gyara bakin ƙarfen da tartsatsi ya cinye. Ta uku, a sayi sabo daga masu sayar da kayan irin wannan mota. Yanzu ma har akwai waɗanda ake ƙerawa babu ƙarfe mai motsi a cikinsu ko ɗaya.

Muka zaɓi ta uku, muka shiga intanet. Nan na koyi wani abu kuma. Da muka rubuta lambarmu sai muka ga an maye gurbinta da wata mai farawa da 993. Ni na zaci kuskure ne, Kawu ya ce a'a, kamfani yakan sake wa kaya lamba in ya sake ƙirarsa, sabon ya ci gaba da aikin tsohon. Duk da haka bai biya ba sai da ya aika wa mai kayan shekarar motar da lambar shasinta, ya kuma gwada hoton ƙafafun da na hannunmu ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin aikowa ya kusa kai kuɗin rilen kansa, amma dattijo ya ce a sayo.

Bayan mako uku kaya ya iso. Ni Kawu ya ba na cusa shi a raminsa, na murɗa makulli, mota ta kama bugu ɗaya. Tsohon kuwa Kawu ya sake masa dalma, ya naɗe shi a tsumma ya sa wa dattijo cikin akwatin gaban mota, don ko ta kwana.

Saboda haka, 'yan'uwa, in aka aiki ɗayanmu sayen kayan gyara, na mota ne ko na injin ban ruwa ko na janareto, ya tafi da tsohon a hannu, ya kwafi lambarsa daidai, ya ƙirga ƙafafunsa, ya kuma tambaya ko an sake lambar. Iyayenmu kuma ina roƙonsu, kafin su yarda a sauke musu injin, su sa a duba ƙananan abubuwa tukuna, gama ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Nan zan dakata, sai wani jiƙon.