Me Ya Sa Dillali Ya Fi Takarda Ƙarfi a Kasuwa?

Ka taɓa lura cewa a kasuwannin Kazaure, Roni ko Babura ana cinikin sa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba? Dillali ne takardar. Shi ya san mai dabbar, shi ake riƙewa in ta zama ta sata, la'adarsa kuwa ladan tsayawar nan ce. Masanin al'umma Abner Cohen ya bayyana irin wannan a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan: mahauta na karɓar shanu bashi, maigida na tsaya wa fatake. Amma fa amana tana aiki ne inda aka san juna. In cinikinka da baƙo ne ta waya, rubuta, ka kafa shaidu.