Abubuwan da ya kamata ka sani game da gidajen cin abinci masu kwaikwayon Kyuba

A manyan biranen Turai da Amurka, ma'aikata na da wata al'ada. Idan an tashi daga ofis, musamman ranar Alhamis ko Juma'a, sai abokan aiki su rankaya wani wuri su ci su sha kafin kowa ya kama gabansa. Cikin wuraren da ke jan irin wannan taro akwai waɗanda aka ƙawata da siffar Kyuba, tsibirin da ke kimanin kilomita 150 kudu da jihar Florida ta Amurka.

Wane irin wuri ne?

Wuri ne da ya haɗa mashaya da gidan cin abinci da filin rawa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Da gangan ake yi wa bango fenti mai kama da wanda ya tsufa, fankoki na juyawa a sama, ga hotunan tsoffin motocin Amurka na shekarun 1950. A Birtaniya akwai Revolución de Cuba mai rassa a birane da dama, wanda kamfanin Birtaniya ne ya kafa shi. Ya sha bamban da irin su Versailles na birnin Miami, wanda wani ɗan Kyuba mai gudun hijira, Felipe Valls, ya buɗe a 1971 domin 'yan ƙasarsa.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga 1920 zuwa 1933 doka ta haramta sayar da barasa a Amurka. Masu kuɗi sai suka riƙa tsallakawa Havana, babban birnin Kyuba, inda babu mai hana su. Otal-otal da gidajen caca suka bunƙasa, mashayu irin su El Floridita, inda marubuci Ernest Hemingway ya saba zama, suka yi suna. Juyin juya halin Fidel Castro na 1959 ne ya kawo ƙarshen wannan zamani. Daga nan Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, shigo da sabbin motocinta ya tsaya, shi ya sa tsoffin suka ci gaba da yawo a titi. Waccan Havana ta kafin Castro ita ake sayar wa mai shiga waɗannan gidaje a yau.

Yadda daren yake tafiya

Da yamma akan yi rangwamen farashin abin sha na awa ɗaya ko biyu, don a tare ma'aikata tun suna fitowa. Ana kawo abinci a ƙananan faranti, kowa ya sa hannu. Dare na yi, sai a ja tebura gefe, makaɗa su hau. Wasu wuraren har malamin rawa suke ɗauka ya koya wa baƙi taku. Dabarar kasuwancin a fili take: riba tana cikin abin sha, kiɗa kuma shi ke hana mutum tafiya gida.

Kiɗan shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. Ginshiƙinsa wasu 'yan sanduna biyu ne na katako da ake kira clave, waɗanda ake bugawa sau biyar a kowane zagaye, sauran kayan kiɗa duk su bi bayansu. Wannan salo daga Afirka ya taso, ta hannun bayin da aka kwaso daga ƙasar Yarbawa da yankin Kwango don noman rake. Sai a 1886 aka soke bauta a tsibirin. Ita kuwa salsa, wato salon kiɗa da rawa da ya tsiro daga kiɗan Kyuba, a New York ta samu sunanta da siffarta a shekarun 1960 da 1970. Kundin waƙoƙin Buena Vista Social Club na 1997 ya sake jawo hankalin duniya ga kiɗan Kyuba. Abin sha'awa, da mawaƙan Mali aka shirya yin sa, amma ba su samu isa Havana ba.

Kyuba ta gaskiya

Kwalliyar ba ta nuna halin da ƙasar ke ciki. Tun 1962 ake raba wa iyalai kayan abinci da ɗan littafin rabo, kuma a Oktoban 2024 wutar lantarki ta ɗauke a duk faɗin tsibirin. Bangon da ake kwaikwayo a Landan don ado, a Havana rashin kuɗin gyara ne ya mai da shi haka.

Abin da ke cikin faranti da kofi

Shinkafa da baƙin wake ita ce uwar abinci, kusan garau-garau ce, sai dai an fi cika mata tafarnuwa. Akwai agada da ake soyawa sau biyu, da ropa vieja, wato naman sa da aka dafa har ya yi zare-zare cikin miyar tumatir. Amma naman alade ya ratsa girkin Kyuba ƙwarai: yana cikin shahararren sanwicinsu, kuma sau da yawa da kitsensa ake dafa wake. Abin shan da aka fi nema, mojito, haɗin lemun tsami ne da na'ana'a da sukari da ruwan soda da rum, wato barasar rake. Ana yin sa ba barasa idan an buƙata. Idan abokan aiki suka gayyace ka irin wannan wuri, ka tambayi mai kawo abinci da me aka dafa waken kafin ka sa cokali.