Auna Rubutu da Sauraro a Jarrabawar Ingilishi: Darasin Ƙasar Sin ga Makarantun Adar

Gabatarwa

A ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasar Nijar, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Harshen aiki shi ne wanda ake zaman taro da shi, a amsa waya da shi, a rubuta rahoto da shi. Wannan matsayi ya ɗora wa darasin Ingilishi nauyin da bai taɓa ɗauka ba a makarantunmu, ya kuma tayar da tambayar da ta shafi ɗaliban kimiyyar harshe kai tsaye. Idan yaro daga Keita ko Buza ya zo Tawa da maki 14 bisa 20 a Ingilishi, me wannan maki yake shaida? Ya iya rubuta wasiƙar da za a gane? Zai fahimci baƙon da ya tsaya gabansa yana magana? Wannan maƙala za ta duba yadda ƙasar Sin take auna waɗannan ƙwarewa biyu a jami'o'inta, ta gwada shi da abin da muka saba da shi, sannan ta nuna abin da ya kamata mu ɗauka da wanda ya kamata mu kiyaya.

Dalilin duba ƙasar Sin

Mai karatu zai iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa mu da su shi ne matsayin harshen. A Sin, kamar a Adar, Ingilishi baƙon harshe ne da ake koya a aji, ba a cinikin kasuwa da shi, ba a hirar gida da shi. Akwai kuma kusanci ta fuskar tsarin sauti. Sinancin Mandarin harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, gaɓoɓinsa masu sauƙin gini ne, ba ya tara baƙaƙe a farkon gaɓa. Saboda haka kunnen ɗalibin Beijin da na ɗalibin Tawa suna tuntuɓe a wurare masu kama da juna idan suka ci karo da Ingilishi.

Tsarin jarrabawar CET

Jarrabawar da ake kira CET ta ɗaliban jami'a ce waɗanda Ingilishi ba shi ne fannin karatunsu ba: masu karatun injiniya, likitanci, shari'a da sauransu. An fara matakinta na huɗu a 1987, na shida kuma a 1989. Ana yin ta sau biyu a shekara, a Yuni da Disamba, miliyoyin ɗalibai kuma ke zama. Tun gyaran da aka soma a 2005, jimillar maki 710 ne, kuma sai wanda ya sami 425 a mataki na huɗu yake da damar zama na shida. A tsarin yanzu sauraro yana da kashi 35 cikin ɗari, karatu kashi 35, rubutu kashi 15, fassara daga Sinanci zuwa Ingilishi kashi 15. Kafin wancan gyara sauraro kashi 20 kawai yake da shi.

Da rubutu ake buɗe zaman. Ana ba ɗalibi minti 30 ya rubuta kalmomi 120 zuwa 180 a mataki na huɗu, ko 150 zuwa 200 a na shida. Mai gyara ba ya ƙidaya kurakurai ɗaya bayan ɗaya yana rage maki. Yakan karanta rubutun gaba ɗaya, ya auna shi da samfuran da aka riga aka amince da su a kan ma'auni mai maki 15, yana duba ko an tsaya kan batu, ko tunani ya jeru, ko harshen ya isar da saƙo.

Daga nan sai sauraro. A mataki na huɗu tambayoyi 25 ne cikin kimanin minti 25: gajerun labaran rediyo uku, doguwar hira biyu, da jawabai uku. Tun 2016 aka shigo da labaran rediyo a mataki na huɗu da laccoci a na shida, aka cire gajerun hirarraki da shifta. Sau ɗaya tak ake kunna muryar. Tambayoyin ma ba a buga su a takarda, da kunne ake jin su, zaɓin amsoshi kaɗai ɗalibi ke gani. A jami'o'i da yawa ta gidan rediyon makaranta ake watsa muryar, kowane ɗalibi ya zo da abin saurarensa na kunne. Duk wannan an tsara shi ne don kada ido ya yi wa kunne aikinsa.

Abin da muka saba da shi

Ɗalibinmu yana fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, bayan ya shekara shida yana karatu da Faransanci. Takardar Ingilishin da ya saba gani tun daga aji har zuwa BEPC da bak ta ƙunshi matani da tambayoyi a kansa, da atisayen nahawu, da ɗan taƙaitaccen insha'i. Wannan takarda tana auna karatu da sanin ƙa'ida, tana ɗan taɓa rubutu. Game da kunne kuwa ba ta cewa komai. Ko inda aka zaunar da ɗalibi gaban malami don tambayar baka, muryar da yake ji ta mutumin da ke rage gudu ce, mai maimaitawa idan ya ga yaro ya rikice, kuma sauƙin da wani malami zai yi wani ba zai yi ba.

Maƙwabtanmu na ƙetaren Birnin Ƙwanni suna da nasu misali mai koyarwa. A jarrabawar WAEC, ɗalibin Sakkwato yana zama takarda ta uku ta Ingilishi, mai tambayoyi 60 cikin minti 45, a kan wasula da baƙaƙe da amsa-amo da ƙarfafa gaɓa. Amma duk a rubuce ake yin ta, ba a kunna wata murya. Takwarorinsa na Gana da Gambiya da Saliyo kuwa murya ake kunna musu. Yaro zai iya haddace cewa wasalin kalma kaza daidai yake da na kalma kaza, ya ci makinsa, alhali da za a furta masa su biyun ba zai rarrabe ba. Sanin bayanin sauti daban, jin sautin daban.

Inda kunnen Ba'adare ke tuntuɓe

Mai shirya jarrabawar sauraro dole ya san inda wahalar take, in ba haka ba zai auna abin da bai yi niyya ba. Hausa tana da wasula biyar gajeru da biyar dogaye, da tagwayen wasula «ai» da «au». Ingilishin Ingila, a lissafin da aka saba, yana da tilon wasula 12 da tagwaye 8. Kunnen da ya saba da gida biyar sai ya cusa baƙin wasula cikin gidajen da ya sani, har «cat» da «cut» su zame masa abu guda. Ta fuskar baƙaƙe, Hausa ba ta bambanta «p» da «f», kuma a Adar ma inda Bakano zai ce «fara» da «fita» mu «hwara» da «hita» muke cewa, don haka «pan» da «fan» suna buƙatar horo na musamman. Haka «vote» da «boat», haka «think» da «sink». Wannan na ƙarshe Faransanci ma bai taimaka ba, domin shi ma ba shi da sautin.

Sai batun gaɓa. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwai, ko baƙi da wasali da baƙi. Shi ya sa muke saƙala wasali cikin kalmomin aro, muka sami «burodi» da «direba» da «Faransa». Ingilishi kuwa yana iya tara baƙaƙe uku a farkon kalma, ya ƙara wasu a ƙarshe, kuma a can ƙarshen ne alamar jam'i da ta shuɗaɗɗen lokaci suke zaune. Wanda bai ji ƙarshen «walked» ba ya rasa lokacin aikin gaba ɗaya. Abin da ya fi duka wuya shi ne yadda Ingilishi ke ƙarfafa wata gaɓa ya raunana sauran har su kusa ɓacewa, alhali Hausa tana ba kowace gaɓa haƙƙinta da karin sautinta. Ɗalibi ya san kalma sarai a takarda, amma cikin magana mai gudu sai ta wuce shi kamar bai taɓa gamuwa da ita ba.

Ba duka ne hasara ba. Wanda ya tashi yana rarrabe «gari» na mutane da «gari» na tuwo ya riga ya san aikin tsawon wasali, wannan kuwa rabin hanya ne zuwa «ship» da «sheep». Haka kuma Hausa tana da «h» wadda karatun Faransanci ya koya wa yaro ya yi shiru a kanta, don haka malamin da ya komar da shi ga harshen gida zai sa ya ji bambancin «heat» da «eat» nan take. Kada kuma a manta ajin Tabalak ko na Barmu ba na Hausawa kaɗai ba ne. Mai Tamajak da mai Fulatanci kowa da irin kunnen da ya zo da shi, kuma binciken wannan aiki ne da ke jiran ɗalibanmu.

Rubutu da tarkonsa

A rubutu harsuna biyu ne ke leƙowa ta bayan Ingilishin ɗalibinmu. Daga Hausa yakan ɗauko jinsin abubuwa, ya kira mota da lamirin mace, ko ya bar aikatau yadda yake domin a harshensa lamiri ne ke ɗauke da lokaci. Daga Faransanci yakan ɗauko kalmomi masu kama da juna a ido, masu saɓani a ma'ana: ya rubuta «library» yana nufin kantin littattafai, ko «actually» yana nufin yanzu. Mai gyaran da ke rage maki a kan kowane kuskure zai iya kayar da yaron da ya yi tunani mai kyau, ya ɗaga wanda ya jera gajerun jimloli marasa laifi kuma marasa amfani. A nan hanyar Sin ta auna rubutu gaba ɗaya da samfuri ta fi kusa da adalci.

Sai dai ita ma tana da ciwonta. Da yake siffar tambayar ba ta cika sauyawa ba, ɗalibai da yawa sukan haddace ƙwarangwal ɗin insha'i, da jimlolin buɗewa da na rufewa, su cike gurbi da kalmomin batun da aka ba su. Jami'o'i da dama sun taɓa ɗaura samun digiri a kan cin wannan jarrabawa, masu ɗaukar aiki ma suna tambayar makinta, sai darasi ya koma horon cin jarrabawa. Sinawa da kansu suna da laƙabin da suke yi wa sakamakon, wato Ingilishin bebe: mutum ya ci maki, bakinsa bai buɗe ba. Gwajin magana da aka ƙara a 1999 daban ake yin sa, ba ya cikin maki 710. Darasin a fili yake: abin da jarrabawa ta tambaya shi malami zai koyar, abin da ta ƙyale kuwa aji ma zai ƙyale shi.

Abin da za mu iya yi

Gwajin sauraro ba ya buƙatar ɗakin na'urori. Ƙaramar lasifika mai caji da hasken rana da katin waya sun isa aji guda, muddin an kiyaye sharuɗɗa. Na farko, murya ɗaya da gudu ɗaya ga kowa, don kada makin yaro ya dogara da malamin da ya faɗo hannunsa. Na biyu, a gwada ɗakin tukuna, domin wanda ke bencin baya kusa da taga, ranar da iska ke kaɗa kwanon rufi, ba jarrabawa ɗaya yake yi da na gaba ba. Na uku, amsa ta zama gajera ko ta zaɓi, don kada raunin rubutu ya ɓoye ƙarfin kunne. Na huɗu, a gauraya muryoyi. Ingilishin da ɗan Tawa zai ji a rayuwarsa na ɗan kasuwar Najeriya ne, da na ma'aikacin ƙungiyar agaji, da na injiniyan Sin irin waɗanda suka yi aikin matatar man Damagaram, ba na mai karanta labarai a Landan kaɗai ba.

A rubutu kuma, a ba da aikin da ke da mai karɓa da dalili: wasiƙar neman gurbin karatu, ko rahoton rijiyar da ta ƙafe. A riƙa sauya siffar tambaya don hadda ta kasa amfani. Masu gyara su zauna tare su daidaita hannu a kan samfura kafin su fara, kuma mutum biyu su duba kowace takarda inda hali ya yi. Daga ƙarshe a fitar da makin kowace ƙwarewa daban, kamar yadda takardar sakamakon CET take yi, domin maki guda dunƙulalle yana ɓoye inda ciwon yake.

Kammalawa

Jarrabawa shaida ce da makaranta ke bayarwa a kan ɗalibi, kuma shaida ba ta halatta sai a kan abin da aka gani ko aka ji. Muddin ba mu kunna wa yaro murya ba, ba mu da abin cewa game da kunnensa, komai yawan makin da muka rubuta masa. Matakin farko yana hannun masu karanta wannan mujalla: a shiga azuzuwan Tawa da Kalfu da Keita da na'urar ɗaukar murya, a tattara ainihin kurakuran da ƴaranmu ke yi, a rarrabe na Hausa da na Faransanci da na Tamajak. A kan wannan bayani ne za a gina gwajin da zai dace da Adar.