Tsofaffin manyan babura masu sunan Tenere: abin dubawa kafin a aiko da su gida

A shekarar 1983 kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fitar da wani babur mai ƙaton tanki, ya raɗa masa suna Ténéré, wato sunan hamadar da ke gabas da duwatsun Ayar a jihar Agadas. Fiye da shekara 40 ke nan, kuma har yau ana sayar da babura da wannan suna. Tsofaffin cikinsu, da takwarorinsu na Honda da BMW, suna nan a kasuwannin kayan hannu na Faransa da Beljiyam da Jamus, inda ƴan Nijar mazauna can ke cin karo da su. Shi ya sa wani kan yi tunanin sayen guda ya aiko gida, ko don ƙaninsa, ko don ya samu abin hawa idan ya zo hutu. Tambayar ita ce ko irin wannan babur zai yi ƙarko a titunan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ko kuwa zai ƙare a zaure an lulluɓe shi da buhu.

Yadda sunan ya samo asali

Labarin ya faro ne daga wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine, wanda ya ɓace cikin sahara a kan babur a 1977, lokacin tseren Abidjan zuwa Nice. Bayan an ceto shi ne ya shirya tseren Paris zuwa Dakar. An tashi daga Paris ranar 26 ga Disamban 1978, aka ratsa Aljeriya, aka shigo Nijar ta Agadas da Yamai, aka wuce Mali, aka isa Dakar ranar 14 ga Janairun 1979. Cyril Neveu ne ya yi nasara a kan Yamaha XT500, ya kuma maimaita a 1980.

Daga nan kamfanoni suka shiga gasa. Hubert Auriol ya ci da BMW a 1981 da 1983, Gaston Rahier ɗan Beljiyam ya ci wa BMW a 1984 da 1985, sannan Honda ta riƙe kambun shekara huɗu a jere, daga 1986 zuwa 1989. Kowane kamfani ya mayar da abin da ya koya a cikin rairayi ya zuba shi a babur na sayarwa. Haka aka samu XT600Z Ténéré, da BMW R80 G/S da ya fito a 1980, da Honda Africa Twin da ya fito a 1988.

Tseren kansa ya daɗe da barin yankin. A shekarar 2000 sai da aka kwashe mahalarta da jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar tsaro, aka soke na 2008 baki ɗaya, aka koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020. Baburan dai suna nan, da yawansu kuma na aiki.

Abin da ya sa suke ƙarko

Sirrin waɗannan babura shi ne sauƙin ƙira. XT500 da XT600 fistan ɗaya gare su, iska ce ke sanyaya injin, karbirato ne ke ba shi mai. Babu kwamfuta a ciki, don haka babu buƙatar na'urar da ake jonawa a gano cuta. Makaniken da ya saba kwance Kasea ko Haojue ko Boxer zai gane yawancin abin da ya gani, sai dai komai ya fi girma kuma ya fi tsada idan aka ɓata shi.

Ténéré na farko yana ɗaukar mai kusan lita 30, abin da ke kai shi fiye da kilomita 400 ba tare da an ƙara ba, wato kamar tazarar Tawa zuwa Agadas. Tayar gaba mai inci 21 na taimaka masa a rairayi da ramuka. BMW kuwa ba shi da sarƙa, wani sandan ƙarfe ne a rufe ke juya tayar baya, don haka ƙura ba ta cin sa. Africa Twin 750, wanda aka ƙera daga 1990 zuwa 2003, fistan biyu gare shi, ruwa ke sanyaya shi, kuma ya fi sauran daɗin doguwar tafiya a kan kwalta, kamar hanyar Yamai zuwa Damagaram mai kusan kilomita 900. Sai dai nauyinsa ya haura kilo 200. Idan ya faɗi cikin rairayi, tayar da shi aiki ne.

Kowanne da cutarsa

Masu irin waɗannan babura a duniya sun daɗe da sanin inda kowanne ke ciwo. XT500 da Ténéré na farko da ƙafa kawai ake tayar da su, kuma wanda bai iya ba, sandar na iya dawowa ta buge masa idon sawu. Wutar XT500 na asali mai bolt 6 ce, fitilarsa ba ta da ƙarfi, abin da ke da haɗari a hanyar da shanu da amalanke ke ratsawa da dare. XT600 an san shi da cinyewar giya ta biyar idan ana yawan jan sa a hankali a cikinta. Africa Twin kuma yana da raunin fanfon mai da na na'urar daidaita wuta, wadda idan ta lalace takan dafa batir. Akwai kuma sandan da ƙaramin haƙorin sarƙa ke zama a kai: idan ana ɗaure sarƙar da tsauri, yakan cinye, gyaransa kuwa sai an raba injin biyu.

Wani abin da ke kashe injinan Yamaha a hannun wanda bai sani ba shi ne awon baƙin mai. Ba a ƙasan injin man yake taruwa ba. A XT500 cikin ƙarfen jikin babur ɗin yake zama, a Ténéré kuma yana da ɗan tankinsa daban. Idan aka auna da sanyi sai a ga kamar babu, a ƙara, ya yi yawa. Ƙa'ida ita ce a bar injin ya yi zafi na ƴan mintoci, a kashe, sannan a auna.

Yanayinmu ma yana da nasa. Ƙurar hunturu idan ta wuce matatar iska takan goge fistan da zobbansa, babur ya fara hayaƙi. Matatar soso ana wanke ta a shafa mata mai, ta takarda kuwa canzawa ake. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana wahalar da injin da iska ke sanyayawa idan aka bar shi yana aiki a tsaye cikin cunkoso. Man ƴan ruwa-ruwa na bakin titi kan zo da datti ko ruwa, don haka ƙaramar matata tsakanin tanki da karbirato na rage wahala. Wajen bidanji kuma a nemi man da aka yi don babur, mai alamar JASO MA a jikin galan, domin wasu mayukan mota na sa kuloci ya riƙa zamewa.

Kayan gyara su ne babbar magana

Kasuwar babura a kudancin Nijar ta ƙananan injina ce, daga 100 zuwa 150, irin waɗanda ƴan kabu-kabu ke aiki da su. Kayansu na nan a kowace unguwa. Na babur mai inji 600 ko 750 ba haka suke ba. Buji, batir, wayar birki da wasu borisai ana iya dacewa da su a Katako a Yamai ko a kasuwannin Kano. Amma fistan, faifan kuloci, akwatin wuta, haƙoran sarƙa da tayoyi masu faɗin da ya dace, galibi sai an yi odarsu daga waje, babur yana ajiye ana jira.

A nan ne ɗan'uwa mazaunin waje ke da amfani fiye da ranar da ya biya kuɗin babur ɗin. Abin da ya fi dacewa shi ne ya haɗo shi da kayan da aka san za su ƙare: sarƙa da haƙoranta, matatun mai da na iska, takalman birki, wayar kuloci, robobin karbirato da gasket na inji. Mai Africa Twin ya ƙara da fanfon mai da na'urar daidaita wuta. Sai littafin gyara na wannan samfurin daidai, domin a ciki ne makanike zai ga tazarar bawul da ƙarfin da ake ɗaure kowane noti. Ɗaure noti da ƙarfin tsiya a jikin alminiyam mai shekara 35 yana cinye zaren, kuma gyaran ya fi ɓarnar tsada.

Zaɓin samfuri ma yana da tasiri. XT500 da R80 G/S da Africa Twin sun zama kayan masu tara tsofaffin babura a Turai, farashinsu ya hau. Wanda ke son abin hawa na yau da kullum ya duba Yamaha XT600E, da aka ƙera daga 1990 zuwa 2003 kuma ana tayar da shi da maɓalli, ko Honda Transalp, ko Suzuki DR650 wanda tun 1996 bai canza sosai ba, abin da ya sa kayansa ke da sauƙin samu.

Takardu da hanya

Kafin a biya kuɗi, a tabbatar lambar da ke jikin ƙarfen babur ta yi daidai da ta kart giriz. A Faransa akwai takardar da ke nuna babu bashi ko ƙarar sata a kan abin hawa, kuma tun 15 ga Afrilun 2024 binciken lafiyar babura ya zama dole a can, don haka mai saye na da hujjar neman sakamakonsa. Kuɗin jirgin ruwa, na dakon mota daga tashar ruwa, na duwan, na lamba da na asirans duk a lissafa su tun farko, domin su ne ke mayar da babur mai arha ya zama mai tsada.

Batun tsaro ma ba a tsallake shi. An hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, aka yi haka a sassan jihar Tillaberi a farkon 2020, saboda ƴan bindiga na amfani da su. Dokokin na canzawa daga wuri zuwa wuri, don haka mai shirin doguwar tafiya ya tambayi jandarma ko hukumar yankin kafin ya tashi, ya riƙe takardunsa a jika, kuma ya guji tafiyar dare. Hamadar da babur ɗin ya ci sunanta ba wurin shiga ba ne kai kaɗai, sai da ayari da wanda ya san hanya.

Sai kuma shi mahayin. Matashin da ya saba da inji 125 zai tarar da ƙarfin da ya ninka nasa sau uku ko fiye, a kan babur mai tsayi wanda yawancin tsofaffinsa ba su da birkin ABS, wasu ma birkin ganga gare su. Hular kwano, safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu suna cikin kuɗin babur ɗin. Yana da kyau a yi makonnin farko ana koyon birki da kwana a fili, ba tare da goyo ba, kafin a hau babbar hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi inda manyan motoci ke wucewa.

Wanda ya samu makanike guda mai haƙuri, ya ajiye kayan gyara a gida, ya koyi wanke matata da auna mai da daidaita sarƙa da hannunsa, zai iya hawan XT600 shekaru masu yawa. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuɗin zai fi yi masa amfani a sabon ƙaramin babur da za a gyara masa a bakin kasuwa cikin awa guda.