Numfashin Mesa

A teburin mai shayi na Idi-Araba, cikin Mushin, muka ɗauko wannan gardama, kuma har yau ba mu sauke ta ba. Gab da magariba ne, jemagu sun fara ratsa sama suna neman itatuwa masu 'ya'ya. Sai wani dattijo, tsohon maharbi da ya koma aikin gadi, ya nuna su da haɓa ya ce, "Waɗannan mesa ba ta wahalar binsu. Kwantawa take yi a bakin kogo ta wage baki ta shaƙa, sai su riƙa faɗawa ciki da kansu."

Na ce, "Baba, ka gani da idonka?"

Ya ce, "Kai yaro, ka taɓa ganin iska?" Aka yi mini dariya, na haɗiye da shayina.

Rabin maganar Baba gaskiya ne. Legas dai ba garin kogunan dutse ba ne, mesar nan a fadamu take, wajen Epe da Ikorodu. Amma a Yuganda, cikin dajin Maramagambo, akwai kogon da aka sa wa sunan mesa, inda jemagu kimanin 40,000 ke kwana, mesa kuma na kwance a ƙasansu tana ƙiba. Ba wurin yawon buɗe ido ba ne na wasa: a 2008 wata 'yar ƙasar Holan ta shiga, ta kamu da cutar Marburg da jemagun ke ɗauke da ita, ta rasu.

Batun shaƙar ne ban yarda ba. Maciji da motsin haƙarƙari yake numfashi, sannu a hankali, ta wata 'yar ƙofa da ke ƙasan bakinsa. Wannan ba zai fizgo jemage mai gudu ba. Abin da mesa take da shi wasu 'yan ramuka ne a leɓɓanta masu jin ɗumin jiki, ko a duhun da ba ka ganin tafin hannunka. Sai kuma haƙuri. Macijin ƙaiƙayi ke nan na ainihi. An ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ita kuwa tsagar take nema ta tare, domin dubban jemagu in za su fita ta ƙuntatacciyar hanya, dole wani ya gifta kusa da baki.

A Kyuba ma haka wasu manyan macizai suke yi, sai dai su daga rufin kogo suke reto, kai ƙasa, kamar masu kwaikwayon kwanan jemagen. A 2017 wani masani, Vladimir Dinets, ya ba da rahoton cewa sukan jeru su yi shinge a mashigar, kuma kamun ya fi yawa in sun jeru a kan in ɗaya ne shi kaɗai. A kogunan Batu na Malesiya akwai wani maciji mai kodaɗɗen launi da ke hawa bango ya cafki jemage, ba dafi, ba ramukan ɗumi.

Duk da haka ba na ƙaryata idon maharbi. Ka tsaya nesa da almuru, ka ga baki a buɗe, ka ga jemage ya ɓace a ciki. Saran ya fi ƙiftawar ido sauri. Me za ka ce in ba ta shaƙe shi ba?

Baba ya kuma ce mesa iri biyu ce, ta ruwa da ta dutse. Masana sun yarda da biyun, amma ba a kan ruwa da dutse suka raba ba. Akwai tamu ta yammaci da tsakiyar Afirka, akwai ta kudanci. Da ana ɗaukar su rassan jinsi ɗaya, sai a 1999 Donald Broadley ya ware ta kudun a matsayin jinsi mai zaman kansa. Tsawo ba ya raba gardamar, kai ake dubawa. Tamu saɓar saman kanta manya ne, kuma layuka biyu masu haske da suka taso daga hanci suka bi ta saman ido sun fito sarai. Ta kudu saɓar kan ƙanana ne, zanen kuma ya dushe.

To wa zai je ƙirga saɓa a kan mesa mai rai? Ni da ko igiya na taka da dare sai na yi tsalle, alhali ban ma kai matsayin wanda maciji ya sara ya ga baƙin tsumma ba.

Sai na nemi matacciya. A Agege na sami wani mai maganin gargajiya ya shimfiɗa fata doguwa kusa da kwalaben man mesa. Na tsuguna na bi ta da yatsa tun daga wutsiya, ina ɗoki, har na kai wuya. Nan ta ƙare. Ana kukan an kashe maciji ba a sare kansa ba, ni kukana an sare.

Na ce, "Malam, ina kan?"

Ya ce, "Alhaji, ai shi ne mai tsadar. Tun jiya aka saye."