BARCIN ARO BA YA RUFE KATARA

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, to amma a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, yau ɓarawon nan sai an yi bikonsa, kuma ba lallai ya dawo ba.

Ina barci ga wadda ta saba kwana tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar babura? A watan Fabrairu na 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe, nan maƙwabtanmu a Talata Mafara. A watan Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutanen wurin suka ce an rasa rayuka wajen 200. A daminar 2024 kuma ambaliya ta rushe wa jama'ar Gummi gidaje. Wadda ta ga irin wannan, ko an samu lafawa, gabanta ba ya daina faɗuwa. Hannu na rawa, zufa na karyowa, da ta runtsa sai mugun mafarki.

A nan ne ƙawa ke shigowa da shawara: "Ke dai ba ki da wayo, je ki kemis ki ce a ba ki D5. Ƙwaya guda, sai dai a tashe ki sallar asuba."

To mece ce D5? Sunanta na asibiti diazepam, wato Valium, biyar ɗin kuwa nauyinta ne, miligiram 5. 'Yan uwanta su ne Lexotan da Rohypnol da ake ce wa roci, dukkansu dangi guda ne mai suna benzodiazepine. Wani masani Leo Sternbach ne ya haɗa Valium a kamfanin Roche, ta shiga kasuwa a 1963. A ƙwaƙwalwar kowa akwai sinadarin GABA mai aiki kamar birkin mota, ita ƙwayar ƙara danna birkin take yi, sai jiki ya saki, ido ya yi nauyi.

Kada a ce na ce guba ce. Magani ne na gaske a hannun likita. Ba mu manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, da yawansu suna jijjiga aka kawo su asibiti. Diazepam na cikin magungunan da ake tsayar da irin wannan jijjiga da su. Amma in don barci ne ko fargaba, likitoci ba su son a wuce sati 2 zuwa 4 ana shanta.

Dalili kuwa, jiki na sabawa. Guda ɗaya da ta kwantar da ke a watan jiya, yau sai biyu, gobe sai uku. Ranar da babu kuwa, fargabar ta dawo ta ninka ta da. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan. Ga ta da cin hadda: ɗaliba ta kwana tana karatu, ta shiga ɗakin jarrabawa kai fayau kamar an share allo. Roci ta fi muni wajen wannan, shi ya sa miyagun samari ke jefa ta a lemo, yarinya ta farka ba ta san abin da ya same ta ba. Don Allah kada ki karɓi lemon da ba a gabanki aka buɗe ba, ko da wanda ya kawo sadakinki ne.

Mafi hatsari shi ne haɗa ta da tiramol ko kodin, domin suna iya tsayar da numfashi cikin barci, a wayi gari ana salati. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018, kuma binciken ƙasa na wannan shekarar ya nuna cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye a Nijeriya, ɗaya mace ce. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su kula, ƙwayar na isa ga jariri, a gan shi laƙwas ba ya iya kama nono.

Idan kin riga kin saba da ita, 'yar uwa, kada ki yanke rana ɗaya. Yankewar farat ɗaya na kawo rawar jiki, har da jijjiga. Likita ne zai riƙa rage miki a hankali cikin makonni. Ki fara da babban asibitin garinku, in ta kama a tura ki FMC Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato. Na san abin da ke ranki: "Wa zai auri wadda aka kai Kware?" Haba! Fargaba ciwo ce kamar olsa, ba hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba. Akwai magunguna irin su fluoxetine da ba su kama mutum irin wannan kamun, sai dai suna ɗaukar makonni kafin a ga aikinsu. Akwai kuma zama da ma'aikacin lafiya ki amayar da abin da ke cin ranki, wannan ma magani ne babba.

A gida kuma, ki bar goro da shayi mai kauri daga la'asar, ki ajiye waya in kin hau gado, ki yi alwala da addu'ar kwanciya. Ki samu Inna ko Yaya ki faɗa mata gaskiya.

Ku kuma iyayenmu mata, in ɗiyarku ta ce ba ta barci, kada ku ce soyayya ce ke ɗibarta, ku zauna ku saurare ta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara, Ya ba mu barcinmu na halas, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.