Kalmar Duka Da Ta Koma Kalmar Yabo A Sikotlan

In Allah ya kai ɗayanku Gilasgo, birni mafi girma a Sikotlan, ya ji an ce masa "gie it laldy", kada ya tsorata. Ana nufin ya zage dantse, ya yi abin da ke gabansa da dukkan ƙarfinsa, ba kunya ba noƙe-noƙe.

Maganar ta fito ne daga Sikots, harshen da ke ɗan'uwan Ingilishi, wanda mutum wajen miliyan 1.5 suka ce suna yi a ƙidayar 2011. A asali "laldy" duka ne, wato irin jibgar da ake yi wa yaro mai ƙiriniya. Sannu a hankali ma'anar ta juya. Mai rera waƙa har jijiyar wuyansa ta tashi, da tsohuwa mai tiƙar rawa a wurin biki, da mai fiyano da ke dukansa kamar ya yi masa laifi, duka sai a ce suna ba shi "laldy". Mu ma ai mukan ce wane ya narki tuwo, alhali narka ɗin nan ta duka ce.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, kalmar ba ta tambayar ko mutum ya iya. Mai muryar gwangwani ma ana yi masa wannan yabo, muddin bai rage komai ba. Wanda ake zargi shi ne gwanin da ke yi da rabin zuciya.

Inda aka fi ganin haka shi ne filin ƙwallo. A 1937 mutum fiye da 149,000 suka cika filin Hamdan na Gilasgo don kallon wasa da Ingila, kuma ihun 'yan kallon wannan fili ya shahara har suna aka yi masa. A watan Yuni na 2024 Jamus ta lallasa Sikotlan da ci 5 da 1 a Munik, a wasan buɗe gasar Turai. Dubban magoya baya da suka bi ƙungiyar, sanye da zanen nan nasu na gargajiya mai kama da siket, sun cika titunan Jamus da waƙa da busa kafin wasan, bayansa ma suka ci gaba. Aka fitar da su tun zagayen farko, ko wasa ɗaya ba su ci ba.